Baturen da ya tsaya a bakin Harami

Shekarun baya can, lokacin da fetur ya fara ɓulɓulowa a gabashin ƙasar nan, na ajiye garwar ruwa a Makka na tafi leburanci wurin Amurkawa. A can na ga wasansu, besbol: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata sanda. Ni da na tashi ina jifan karnuka a duwatsun unguwarmu Nakkasa, ranar da aka miƙa mini ƙwallon nan babu wanda sandarsa ta taɓa ta. Kafin shekara ta zagayo ana zuwa kallona daga wasu garuruwa. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Shugaban aikinmu ya taɓa cin abinci da wasan a ƙasarsu. Ya ce zai kai ni wata ƙungiya can, jifa ya zama sana'ata. Na ce sai da izinin mahaifina. Ya biyo ni har Jidda, muka kama hanyar Makka, ya tsaya inda wanda ba Musulmi ba yake tsayawa.

Na shiga gida na durƙusa.

"Ya waladi, ɗana, ban hana ba," in ji Baba. "Amma mai neman ɗan mutum, ƙofar mutum yake zuwa. Ya zo ya gaishe ni, sai ka tafi."

"Baba, ka san ba ya shiga. Ga mota, a kai ka wurinsa."

"Ni in bi baƙo da ɗana a hannu? Aib! Halas, magana ta ƙare."

Mutumin ya sha rana har ya gaji, ya juya. Ni kuwa Baba ya riƙe ni aikin Hajji, ɗaukar shibriyya, gadon da ake yi wa tsofaffi ɗawafi a kai. Cikin turmutsutsu abokin ɗaukata ya zame, nauyin ya sauka a kafaɗata ta dama. Mai ɗori ya ɗora ta a karkace.

Na yafe wa Baba, Allah ya ji ƙansa, amma har yau abin yana ci mini rai. Da a'a ya ce kai tsaye, da tuni na haƙura. Ya san sarai sharaɗin nan ba ya cikuwa, kuma har ya rasu yana gaya wa mutane bai taɓa hana ni ba.

Bara a Mina, jikana na ba tsakuwoyina ya yi mini jifa. Ina tsaye ina kallo, ta farkon ma ta kauce.