Kifin da na kai rana

Ranar wata Asabar, ina aji huɗu a lakwal ɗin Tama, makarantar garinmu, na shigo gida rungume da babbar kwalbar alewa, ƙananan kifaye uku suna yawo a cikinta. Madam Hadiza, malamarmu, ita ta samo su daga tabki, ta ajiye su a inuwar taga cikin aji, muna kallonsu har mu manta da allo. Duk ƙarshen mako takan ba mutum ɗaya ya tafi da su gida. Da ta miƙa mini ta ce, "Ke Rabi, na san ba ki da wasa." Ranar ko gaisuwa da ƙyar nake amsawa don girman kai.

Washegari na ga ƙaramin cikinsu ya lafe a gindin kwalba, ba ya motsi sosai, hankalina ya tashi. To, a gidanmu duk abin da ya yi rauni rana ake kai shi. Fitilarmu mai sola in ta dushe, bisa ɗaki take wuni. Gero in ya yi danshi a shanya shi, kakata ma da hantsi take gasa gwiwoyinta. Sai na taka turmi, na ɗora kwalbar bisa katanga kusa da fitilar, ina jin ba wanda ya kai ni dabara. Daga nan aka aike ni garka ban ruwan albasa.

Sai azahar na dawo. Kwalbar ta yi zafi kamar butar shayi, su ukun duka suna bisa ruwa, ciki sama. Na yi ta zuba musu ruwan randa ina kuka. Inna ta leƙo ta ce, "Mi kinka yi, ɗiyata? Kihi ba shi son rana." Ban ci abinci ba ranar. Litinin na kai kwalbar a wanke tas. Madam ba ta doke ni ba, ta karɓa kawai ta mayar da ita inuwar taga, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Har ƙarshen shekara ba wanda ya sake tafiya da komai gida.

Yanzu ina da akwatin gilashi na kifi a ɗakina. Na fi wata ina zaɓar fitilarsa, sai da na samu marar zafi, mai haske kaɗan, har mai shago ya gaji da ni. Yarana na cewa kifayenmu a duhu suke. Ban taɓa gaya musu cewa so ne ya sa na kashe na farkon ba.