Tsallen da Baba Ya Yi a Hanyar Birnin Kebbi

Ranar wata Alhamis ce, cikin kakar shekarar da aka samu mulkin kai, na fara shiga mota a rayuwata. 'Yan tutocin nan kore da fari da aka rarraba mana a makaranta ba su ma gama yagewa ba. Da hantsi muka iso tashar Argungu, ni da Baba, yana ɗauke da kwandon bandar kifi, ni kuma na rungume ƙullin kayana kamar wani zai ƙwace. Goggona da ke aure a Birnin Kebbi ce ta haihu, Inna kuma ba ta jin daɗin jikinta, sai aka ce in bi Baba in taya Goggo aikin jego. Motar irin ta da ce, mai bodin katako. An shaƙe ta da buhunan shinkafa har sun ɗara bodin tsawo, an ɗora kwandunan kifi, sa'an nan aka ce mutane su hau can ƙololuwa. Baba ya tsaya ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Wanga jirgi an yi mai lodi da yawa." Direban ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Malam Arzika, wagga mota ta, ba jirgi na ba. Ba ta nutsewa." Duk tashar aka kwashe da dariya, har da ni da ban san abin da ake wa dariyar ba.

Ubana masunci ne ɗan masunci, a bakin gulbi aka haife shi, kuma in ka cire sallah da barci, ban san abin da yake yi a tudu ba. Gidanmu kullum warin hayaƙi da kifi yake. Da asuba ya fita da jirginsa, kafin rana ta take sai ga shi da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙarfasa, wani bi har da giwan ruwa da sai an kama masa. Aikinmu mu yara shi ne fyaɗe ɓawo, da wanke ciki, da jera kifin a kan banda, da tsare shi daga shaho da kyanwar maƙwabta wadda ba ta san kunya ba. In shinkafa ta fara nuna a fadama, a tashe mu tun raɓa ba ta bushe ba mu tafi korar tsuntsayen nan jan baki, mu yi ta ihu muna kaɗa gwangwanaye har murya ta dushe. Daga nan in wanke ƙafa in ruga makaranta, inda mu mata ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ba. In an fito tara, maza su yi ta jan motocin kara suna kukan inji da baki, mu kuma muna gefe muna 'yar carafke muna yi musu tsiya.

Amma wasan da na fi so ba a makaranta ake yin sa ba. In ruwa ya ja da rani, Baba yakan kwashe mu, ni da ƙannena, a ƙaramin jirgi, ya kai mu inda ruwan bai wuce ƙirjinsa ba. Sai ya soma girgiza jirgin da gangan. Da ya karkata, sai ya daka tsawa, "Ku hwaɗa!" Shi zai fara faɗawa ta gefen da jirgin ya karkata, ya juyo ya ɗaga hannuwa, mu zubo masa ɗaya bayan ɗaya, ya nutsar da mu, jirgin ya kife a bisa kawunanmu bai taɓa kowa ba. Mu ɓullo ta can gefe muna tari muna dariya. Wanda ya maƙale wa jirgi kuwa ya sha ranƙwashi. "Kak ku riƙe jirgi," haka yake cewa. "Wanda yar riƙe jirgi, shi jirgi ka dannewa." Duk ɗan masunci a unguwarmu da wannan karatu ya tashi, kuma wallahi ya fid da mutane da yawa a gulbi. Ya zauna mana a jiki ta yadda ba sai mun yi tunani ba.

To, ranar nan muka hau can saman buhuna. Baba ya zauna a gefe tare da maƙwabcinmu Nomau da wasu masunta da za su kai kifi kasuwa. Ni aka cusa ni kusa da wata mata mai jiki, mutumiyar Gwadangaji, mai fataucin daddawa. Tun kafin a tashi take salati, ta ce ita ko jirgin ruwa ba ta taɓa shiga ba, kuma ba ta shiga har ta mutu. Da motar ta ɗaga, sai ta damƙe igiyar da aka ɗaure buhuna da hannu ɗaya, ta damƙe zanena da ɗayan. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Itatuwa na gudu baya, jakuna na watsewa, yara na ɗaga mana hannu. Hanyar jan ƙasa ce mai gargada, haƙoranmu sai kaɗawa suke. Ruwan damina ya zaizaye gefenta wuri-wuri, ba a kuma gyara ba.

Mun wuce Ambursa kaɗan, a inda hanya ta bi ta kan tudun da aka tayar a tsakiyar fadama, sai ga shanu sun hawo. Direba ya kauce. Na ji ƙasa ta zube a ƙarƙashin tayar baya, motar ta tsaya cik, sa'an nan ta soma karkata a hankali, a hankali ƙwarai, daidai yadda jirginmu yake yi. Sai na ji muryar da na sani: "Ku hwaɗa!" Kafin ƙiftawar ido Baba ya dira ta gefen da motar ta karkata, Nomau da sauran masuntan suka bi shi. Na yunƙura zan bi, matar nan ta danne ni da cinyarta, na cije ta a hannu, ba ta sake ni ba. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Baba tsaye a ƙasa, dab da motar, ya juyo ya ɗaga hannuwa yana jira na. Da ya ruga da ya tsira. Amma ba a koya masa ya ruga ya bar yaro a jirgi ba, kuma a nan babu ruwan da zai nutse a ciki.

Mu da muke sama, motar ta watsar da mu can nesa cikin taɓon shinkafa tare da buhuna. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, sai taɓo da ya cika min baki. Matar ta goce a kafaɗa. Duk wanda ya riƙe igiya ya tashi da ƙafafunsa. Waɗanda suka yi abin da iyayensu suka koya musu, su ne a ƙarƙashin bodin. Masu yankan shinkafa suka yar da lauje suka sheƙo, aka yi ta cire buhuna, aka samo itatuwa aka ɗaga katakon da kabbara. Nomau ko shurawa bai yi ba. Baba yana da rai, idonsa biyu, kuma da ya gan ni sai ya ce, "Kulu, lahiya kike?" Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu, amma ba wanda ya san yadda ake ɗaukar mai karayar baya. Suka jawo shi ta hammata, suka zaunar da shi, suka ba shi ruwa. Mota ba ta cika wucewa ba a lokacin, sai bayan la'asar aka samu wata, aka naɗe shi a tabarma aka jefa a bayanta, gargadar hanya ta ƙarasa abin da ya rage.

A asibitin Birnin Kebbi aka gaya wa mijin Goggo cewa ƙashin bayan ne ya karye, ƙafafun ba za su sake motsi ba. Baba bai yarda ba. Mu ma ba mu yarda ba. Tun daga ranar, magana ɗaya ce a gidanmu: yaushe Baba zai tashi ya koma ruwa? Da aka dawo da shi Argungu, aka shimfiɗa masa gado a zaure inda yake hangen hanyar gulbi. Aka kira maɗori, ya shafa ya ɗaure, ya ce a ba shi lokaci. Aka kira wani daga Augie, shi ma ya yi nasa. An sha rubutu, an sha saiwa, an yi turare har bangon zauren ya yi baƙi. Kowace safiya aikina ne in ɗumama man shanu in murza masa ƙafafu, yana kallon rufi yana tambaya, "Kin hwara?" alhali na daɗe da farawa. Sai in ce masa yanzu zan fara. Makaranta kuwa ta tsaya, don Inna ta koma sussukar shinkafar mutane, ni na koma uwar gida. Bandarmu ta huce har kaji suka riƙa yin ƙwai a cikinta. Na yi kuka a kan makarantar nan, ba zan ɓoye ba, amma a bayan ɗaki, inda ba zai ji ba.

Da bazara ta zo, ruwa ya ja, aka sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, sai Baba ya kafe a kan sai an kai shi. Ya ce ƙasa ce ta ƙi ƙafafunsa, in suka ji ruwa za su tuna aikinsu. Inna ta roƙe shi har da hawaye, ina! Aka cire ƙyauren zaure aka ɗora shi, 'yan'uwansa suka ɗauka. Na bi su ɗauke da homarsa, ragar da yake kamun kifi da ita, wallahi ni ma na sa rai. Masunci a wajen su yakan kifa cikinsa a kan babban gora ne, hannuwansa riƙe da homa, ƙafafu su yi tuƙi. Aka kifa Baba a kan gora, aka miƙa masa homa, aka sake shi. Na ga fuskarsa ta washe a karon farko tun ranar motar. Ya nitsa homar da kyau, yadda ya saba. Amma ƙafafun suna bayansa suna lilo kawai. Goran ya soma juyawa da shi, ya juya, ya sake juyawa, ruwa ya ɗauke shi ya yi ƙasa da shi, ga kifi na tsalle ta ko'ina ba ya iya nufar ko ɗaya. Ya saki homar don ya yi tuƙi da hannu, ita ma ta tafi. Mutumin da ya koya wa rabin unguwa iyo, sai da samari suka bi shi suka taro shi. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Ya ce a hankali, "Ku hid da ni."

Da muka koma gida, ya ce a ɗauke gadonsa daga zaure a kai ƙuryar ɗaki. Bai ƙara tambayar ko ruwa ya kawo ko ya ja ba. In na zo da man shanu, sai ya ce in bar shi in je in taya Inna. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya, abinci ya rage, magana ta rage. Daminar da ta biyo baya ba ta kai ƙarshe da shi ba. Na ji zafin mutuwarsa, amma ranar gulbin nan ta fi ci min rai, don a ranar ne na san ba zai tashi ba, kuma na ga shi ma ya sani.

Yanzu na tsufa, ina zaune a Birnin Kebbi wajen ɗana. Hanyar ta zama kwalta sumul, tafiyar da ke cin yini ta koma ta ɗan lokaci. Amma in na fito bakin titi, sai in ga samari jere a saman motar shinkafa suna kaɗa ƙafafu, in ga ƙaramar mota an cusa mutum biyu a kujerar gaba, bel yana reto ba mai kula shi, ga mashin ɗauke da iyali guda. Bakina ba ya shiru, nakan yi faɗa. Direbobi su yi murmushi su ce, "Hajiya, Allah shi tsare." In ce amin, amma mu ma ranar sai da muka yi addu'a kafin mu tashi. Ba wanda ke ji, kuma na daina sa ran za a ji. Jikokina suna bin hanyar nan kullum. In sun zo sallama, nakan so in zaunar da su in koya musu wani abu guda da zai fid da su in mota ta karkata, sai in laluba in rasa. Sai in ce su gaida mutanen Argungu, in tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana. Iyakar abin da na iya ke nan.