Ɗayan da Na Cire Saboda Yashi

Ranar wata Laraba ce, ana tsakiyar girbin gero, shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare a Safana, Malam Sabi'u mai koya mana Fiziks ya miƙo mini takardar gwajina da sifili ƙato kamar bakin tulu. Tambayar farko ba ta da wuya. Amalanke mai kilo ɗari biyu tana gudun mita shida a daƙiƙa, ta yi karo da wata mai kilo ɗari da ke tsaye, suka maƙale suka tafi tare a kan fili mai santsi. Wane gudu za su yi? Na ninka nauyi da gudu, na raba da nauyinsu a haɗe, na sami huɗu. Sai na dubi huɗun nan na ga ƙarya ce, na rubuta uku. Na cire ɗaya saboda yashi, kuma haka na bi duk tambayoyin ina yi musu ragi.

Ni ɗan Tsaskiya ne, a kan amalanken shanu na tashi. Tun ban kai tsayin tayarta ba nake kai taki gona da rani, in kwaso dammunan gero da harawar wake da kaka, in kai bijimanmu biyu shan ruwa kafin in yi wanka. Na san yadda taya ke nutsewa a rairayi har sai an sauka an tura. To wane ne zai zo daga birni da alli ya ce mini akwai filin da ba ya riƙe taya? Taurin kai kuwa ina da shi har na bayarwa. Sai dai sifilin nan ba abin wasa ba ne, domin Baba ya riga ya yanke magana: in aka fitar da ni daga ajin kimiyya, in tattara littattafaina in dawo wajen shanu, tunda ba shi da wani ɗa namiji da ya tasa sai ni.

Da Malam ya tambaye ni inda ɗayan ya tafi na faɗa masa, aji ya kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ranar Asabar sai ga shi a kan babur har gonarmu, wandonsa duk ƙarangiya. Ya tarar mun loda dammuna za mu sauka gangaren rafi, Baba yana ɗaura wani gungumen marke a bayan amalanke don ya riƙa jan ƙasa. Bayan sun daɗe suna gaisawa, ya tambayi amfanin gungumen. Baba ya ce, "Malam, kaya in ya yi nauyi, ko a hankali yake tafiya ba shi jin tsaya. In babu iccen ga da ke cin ƙasa, sai ta tunkuɗe shanun." Malam ya tsuguna ya zana amalanken a ƙasa da tsinke, ya nuna mini cewa karo lissafinsa daban, gugar ƙasa ma nata daban, kuma ita ma ana auna ta ne, ba a kintatarta. Ya ce, "Hankalinka daidai ne, gaggawa ka yi. Littafi yakan share yashin tukuna, sannan ya dawo da shi da awo." Baba ya dubi zanen, ya ce, "Ashe abin da suke karantawa ke nan? To a bar shi ya ƙarasa."

Na ci gwaji na gaba, na zauna a ajin. Yanzu ni ke koyar da darasin a Batsari, ga yaran da suka fi sanin birkin babur da sanin bijimi, kuma in ɗayansu ya yi mini gardama daɗi nake ji. Baba ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi, an sayar da shanun. Ina kewar ƙarar amalanken nan da ƙamshin sabon gero. Sai da na girma na zauna na ƙirga, na ga bayan karatu ya raba ni da gida, kaka bakwai Baba ya yi yana sauka gangaren nan shi kaɗai, bai taɓa aiko mini cewa ya gaji ba.