Bara Gindi, Bana Reshe

An raba Inna Iyatu da ɗorawarta da rana tsaka, kuma da bakin Malam Namadi aka yi.

Namadi manomi ne a wata tunga ta wajen Bukkuyum, yana ɗinkin buhu ranar kasuwa. Shekara goma sha bakwai yana zaman sulhu a zauren mai gari. An shaide shi ba ya karɓar goron kowa. Ba ya kuma rubuta komai. In aka ce a samo littafi, sai ya dafa hularsa ya ce, "Ga littafi nan."

A bara, Bala mai injin niƙa dutsen zinariya ya kawo ƙarar maƙwabcinsa. Ɗorawa na tsaye a gonar Bala, rassanta sun tsallaka iyaka. Namadi ya yanke: mai gindi ke da 'ya'ya, ko ina reshe ya nufa.

Bana Bala ya sayi gonar da ke jikin ta Iyatu. Nan gindin ɗorawa na wajen tsohuwar, manyan rassa na kan gonar Bala, sai ya sake kawo ƙara. Da kalwar itacen take daddawa tun rasuwar mijinta, ba ta da wata sana'a. Dattawa suka dubi Bala, suka dubi ƙasa, suka ce inda reshe ya rataya nan rabo yake. Namadi ya ji ransa bai kwanta ba, amma shi ya sanar.

Iyatu ta gyara lulluɓi.

"Namadi, bara mi kac ce?"

"Inna, kowace magana da irin tata."

"To icce yaj juya, ko kai? Bara gindi, bana reshe, baɗi sai inuwa. Tuɓe hular ka duba, halama gara ta ci littahin."

Har Bala sai da ya dara. Namadi ya kasa ɗaga ido.

Tun ranar ba ya bi ta ƙofarta, sai ya zagaya ta bayan rijiya. Miyar da aka sa wa daddawa ma ba ta wuce masa maƙogwaro.

To kunyarsa ba za ta cika wa Iyatu tukunya ba. Mai gari, da kai Namadi, da sauran dattawa: ku sake zama kafin ɗorawa ta bushe a sama, ku mayar mata da itacenta. Ku sayi littafi na takarda, ku riƙa karanta hukuncin bara a gaban kowa kafin ku yanke na bana.