Abin da ke ƙarƙashin amawalin mahaifina

Shekarun baya can, tun ina ɗan shagona na ɗaukar hoto a unguwar Gataa El Oued da ke Tamanrasset, na kamu da wani ciwo da ba a maganinsa a likita: son haɗa kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu. Da yawanku da ke bibiyata a nan kun san ni da gyaran hoto, amma ban taɓa ba ku labarin injin da na fara aikin kirki da shi ba, balle aikin da ya yi mini wanda ba don shi na haɗa shi ba.

A lokacin yawancin masu zuwa wurina 'yan ƙasarmu ne masu aikin gini. Mutum zai shigo da siminti har cikin gashin ido, ya wanke fuska, ya ari kwat ɗin da na rataye a ƙusa, in ɗauke shi, sannan in tsayar da shi gaban wani gida mai bene ko jikin wata mota mai sheƙi, ya aika gida. Sai kuma 'yan kasuwa masu son manyan hotunan biki da na saman ƙofar shago. Tsohuwar kwamfutata kuwa, da zarar na buɗe babban hoto sai ta ƙame. In dafa shayi, in sha na fari, in sha na biyu, ita tana nan tana tunani. Mai hoto yana tsaye a kaina, ni kuma ina ta murmushin dole ina cewa saura kaɗan.

Abokina, wani Badamagare mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, shi ya jefa ni cikin wannan rigima. Wata rana ya shigo da wani faffaɗan allo a hammata, irin wanda ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa, ya ce daga tsofaffin injinan wani buro, wato ofis, ya ciro shi. Ya nuna mini ramuka biyu a tsakiyarsa.

"Ka ga nan? Kowane rami furosesa guda, ƙwaƙwalwa ke nan. Taka guda gare ta, shi ya sa take suma. Wannan biyu za ta ɗauka, ɗaya na aiki ɗaya na taya shi."

Ban ƙara samun natsuwa ba tun daga ranar. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ɗaya ce ta zo da allon, kuma ba kowace za a haɗa ta da ita ba, sai tagwaiyarta sak, lamba ɗaya, ƙira ɗaya. Muka bi shagunan Tamanrasset kaf, babu. Daga ƙarshe abokina ya samo ta wurin wani dillali can arewa, aka ba wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya taho da ita. Kamyon ya lalace a hanya, a garin In Amguel. Na dami bawan Allah nan da kira har ya daina ɗauka, kamar ni ne mai duk kayan da ya ɗauko. Ranar da ya iso, ya miƙo mini wata safa a ƙudundune cikin gwangwanin shayi, ya kalli ɗan abin da na zaro bai kai tafin hannu ba, ya ce, "A kan wannan ne ka hana ni sakat?"

Haɗawar ma ba ta zo da sauƙi ba. Allon ya fi ƙarfin akwatin da muke da shi, sai da mai walda ya yanke masa gefe ya ƙara ƙarfe. Akwai wani farin man da ake ɗiga wa kan ƙwaƙwalwa kafin a ɗora mata fanka don kada ta yi zafi. Ni da zumuɗi na shafa shi kamar ina shafa wa burodi bota, abokina ya ƙwace ya goge yana tsaki. Muka ɗaure komai, muka yi bisimilla, na danna. Injin ya yi ƙara tit-tit-tit, allon kallo ya tsaya baƙi wuluk. Abokina ya leƙa ciki, sai ya fashe da dariya. Ashe sandunan ram, waɗanda ƙwaƙwalwa ke baza aikinta a kansu, duk na jera su gefen guda.

"Mutumina, ka sauke baƙi biyu, ka aje wa ɗaya kwano biyu, ɗayan ka bar shi shina kallo. Ƙaƙa za shi yi aiki?"

Ya raba su daidai, muka sake dannawa, kwamfutar ta tashi. Ƙararta kamar injin markaɗe, zafin da take fesowa kuwa har telan da ke maƙwabtaka da ni ya ce in bar masa ƙofa a buɗe in sanyi ya shigo. Amma hoton da a da nake shan shayi kafin ya buɗe, yanzu kafin in ɗage yatsa ya bayyana. Ni kuwa na shiga cika baki. Duk wanda ya shigo sai na faɗa masa cewa babu abin da injin nan ba ya iyawa da hoto. Har wanda ya zo tambayar hanya sai ya ji.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo daga Agadas neman maganin ido. Mun ɗauka yanar ido ce za a cire a huta. Lokotoro, wato likita, ya duba ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai rage wa sauran gudu ne kawai. Ita ba ta nuna damuwa ba, ta ce ta ga abin da za ta gani. Ni ne na fita waje na daɗe kafin in dawo.

Da yake zaman gida ita kaɗai yana gundurarta, sai ta riƙa bina shago da hantsi, ta zauna kan tabarma tana jan carbi tana kallon aikina. Wata rana ta matso kusa, ta ga na cire wani mutum ɗungurungum daga hoton biki saboda ya tsaya bayan ango yana hamma. Ta riƙe haɓa. Washegari ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan hoto a naɗe cikin leda.

Na san hoton. Shi kaɗai ne hoton mahaifina da ya rage, sauran takardunsa ruwa ya cinye su shekarar da ɗakinmu na ƙasa ya rushe. Mahaifina Ba'abzine ne, ya rasu ina rarrafe. A hoton yana zaune da rawanin turkuɗi, ya ja amawali har kan karan hanci kamar yadda mazansu suke yi, ba a ganin komai sai idanu biyu da ɗan tsakanin gira. Da waɗannan idanun na tashi. Ban san hancinsa ba, ban san bakinsa ba, ban san ko yana da gemu ba.

"Auta," in ji ta, "tunda injinka na hidda mutum, hidda mishi amawalin nan mana. Ka ga babanka tun ina iya ce maka shi ne."

Na kalli hoton, na kalli injin. Abokina da ke gefe yana shan shayi ya aje kofi, ya ce a hankali, "Inna, ba komi ƙarƙashinshi sai takarda. Abin da mai hoto bai ɗauka ba, inji ba ya ganinshi."

"To ƙwaƙwalwa biyun ta mi ce?"

Duk cika bakina ya tsaya a nan. Na ji kunya, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne abin da ta faɗa, wai tun tana iya ce mini shi ne. 'Yan uwan mahaifina da suka san shi da girma duk sun rasu, yayata kuma tana ƙarama ƙwarai lokacin. Ita kaɗai ta rage a duniya da za ta kalli fuska ta ce wannan shi ne, ga shi kuma idanunta suna tafiya.

Sai na ce mata, ni ba zan iya cire amawali ba, amma in za ta faɗa mini abin da ke ƙarƙashinsa, zan gina shi. Na kira gida aka turo mini hotuna ta waya: na ƙanen mahaifina kafin ya rasu, na yayata, na 'ya'yan baffanni. Na ɗauki kaina ni ma. Abokina ya kinkimo babban allon kallon da ke shagonsa ya jona mana, domin sai an buɗa fuska ta cika allo sannan take iya gani, ta gefen idon da ya rage mata. A nan ne injin ya biya wahalarsa. Hotuna rututu a buɗe, kowanne an buɗa shi ya yi girman tire, an jera su hawa-hawa wani kan wani, amma ko tari bai yi ba. In ta ce rage, kafin ta rufe baki na rage ta gani. Da tsohuwar kwamfutata ce, da ta manta abin da ta ce kafin ya fito.

Haka muka yi ta yi kowace hantsi in babu mutane. Ta sa kujera dab da allo, hancinta kamar zai taɓa shi.

"Hancin ƙanenshi ne, amma nashi bai kai haka tsawo ba. Rage. A'a, ka yi yawa, ka maishe shi Bahaushe."

"Inna, ai ni ma rabi Bahaushe ne."

"Shi ya sa ba a ɗauki naka ba."

Bakina ta ɗauka, ta ce leɓen ƙasa kawai. Haɓa ta yayata ce. Gemu ɗan kaɗan, ba ya haɗuwa da saje. Akwai tabo a gefen haɓa inda igiyar raƙumi ta taɓa yankarsa, ta sa na matsar da shi ya fi a ƙirga. Tsakanin gyara da gyara kuma sai labari ya ɓalle. Yadda yake shan shayi ta ƙarƙashin amawali in akwai surukai a wurin. Yadda ba ya dariya da sauti, sai dai kafaɗunsa su riƙa rawa. Abubuwan da ban taɓa ji ba tun tasowata, domin ba ta cika maganarsa ba, ko sunansa ba ta kamawa. Na riƙa jan aikin da gangan don kada labarin ya ƙare.

Amma fuskar ta ƙi zama. Komai ya hau inda ta ce, ni ina ganin kyakkyawan mutum, ita kuwa sai ta girgiza kai ta ce wannan wani ne, kamar ɗan uwansa, ba shi ba. Ga ranar komawarta ta matso, motar 'yan kasuwar da za ta bi ta kusa lodi. Na fara fid da rai.

Ana jibi za ta tafi, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Ya yi tsabta da yawa. Ina shunin?"

Ban gane ba. Ta ce mai naɗa turkuɗi ai fatarsa ba ta rabuwa da shuni, yana zuba a kumatu da karan hanci da gefen wuya, ko ya wanke sai ya bar alama. Ita ba ta taɓa ganin fuskarsa babu shi ba. Na ɗebo launin daga jikin rawanin da ke hoton, na shafa shi sama-sama a kumatu, a hanci, a inda amawali ke gogar fata.

Ba ta ce rage ba, ba ta ce ƙara ba. Na juyo na ga ta ja baya daga allon, ta gyara zama, ta jawo mayafinta ya rufe goshi, ta sunkuyar da kai tana kallonsa ta ƙasan ido. Tsohuwa mai jikoki. Ban taɓa ganin mahaifiyata a haka ba.

Sai ga sallama a ƙofa, wani magini ya zo karɓar hotonsa. Kafin in amsa, ta yi zumbur ta miƙe ta tare allon da jikinta.

"Maida mishi amawalinshi! Maza, ga baƙo!"

Na danna, hawan da rawanin yake ya dawo sama, ya koma idanu biyu kamar yadda na san shi. Sai da baƙon ya fita sannan ta zauna. Na ce, "Inna, shi ne?" Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Kai dai kar ka bari kowa ya ga bakinshi. Bai so." Iyakar amsar da na samu ke nan. Da za ta tafi na wanke mata hoton babba, na goge masa duk tsagewa da tabon ruwa, amma mai amawalin ta ce take so.

Ganinta ya ƙarasa tafiya bayan 'yan shekaru, daga baya ita ma ta bi shi, Allah ya jiƙansu. Injin ya tsufa, na kai shi gida ya zama mazaunin tire. Wanda nake aiki da shi yanzu ƙwaƙwalwa ɗaya gare shi, ya ninka wancan gudu, ko ƙara ba ya yi. Abokina ya koma Damagaram, mukan yi waya mu yi ta dariyar bota.

Sau da yawa nakan tambayi kaina, shin fuskar mahaifina muka gina, ko fuskar da kewa ta bar wa mahaifiyata bayan shekaru masu yawa? Ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne ina kewar mutumin da ban taɓa sani ba, ina kuma kewar waɗancan hantsin fiye da yadda zan iya faɗa, tana dab da allo tana ce mini rage, ka yi yawa.

Hoton da muka gina yana nan, na kwashe shi daga inji zuwa inji. Ban taɓa wanke shi a takarda ba, kuma kada ku ce in sa muku shi a nan. In shago ya yi shiru nakan buɗe, in sauke amawalin, mu ɗan zauna ni da shi. Da na ji sallama a ƙofa, tun kafin in amsa, hannuna ya riga ya rufe masa baki.