Majinginar Babur Ɗina da Kunnuwan Shanun Baba

A shekarun farko na samun ƴancin kai ni saurayi ne a Tawa, ban daɗe da fitowa lakkwal, wato makarantar boko, ba, aikina bin ƙauyuka da rijiyoyi ina yi wa shanu allura. Ina da baki, ina da zuciya, ban kuma iya lallashi ba, har yau ma ban gama koyo ba. Na rubuto wa wannan fili ne domin akwai labarina da ake bayarwa a garin nan tun ban yi furfura ba, kuma a karkace ake ba da shi. Wai na kashe garken wani dattijo saboda gayu. Garke ya mutu, gaskiya ne, da hannuna a ciki, wannan ma gaskiya ne. Amma gayu? Haba! Duk wanda ya ce gayu ne bai taɓa wuni a kan babur tsakanin Tawa da rijiyoyin arewacin Adar ba, don haka ya zauna ya ji daga bakin mai abin.

Babur ɗin nawa ne na kaina, babba, baƙi, na saye shi a hannun wani Bature da ke tattara kayansa zai koma gida. An ƙera shi don doguwar tafiya, amma a kan hanyoyinsu, ba namu ba. Namu kuwa kun san su, ka fita daga yashi ka faɗa duwatsu, ka sauka daga tudu ka shiga gargada har haƙoranka su dinga haɗuwa. Sirdinsa tauri kamar turmi. Kafin in shekara da shi ƙuguna ya riƙe, basir ya fito mini, na koma yin salla a zaune ina ɗan saurayi. In na dawo daga rangadi sai an kama ni an sauke, tsohuwata ta dafa ruwa ta gasa mini baya tana faɗa. Na kai kuka ga shugabana a biro, wato ofishinmu, ya ce ai kowa ma da ciwonsa. Shi nasa ciwon a kan kujera yake jin sa, ƙarƙashin fanka.

Sai na ce to, tunda ba mai ji, ni zan ji da kaina. A bakin kasuwa akwai wani maƙeri Ba'abzine mai yin sirdin raƙumi, na tura masa babur ɗin na ce ya yi mini abin da yake yi wa masu tafiyar wata guda a kan raƙumi. Ya kwance sirdin ya cusa masa audugar rimi, ya rufe da fatar rago mai gashi. Ya lanƙwaso hannuwan babur ɗin baya don in daina duƙawa. Na samo guntun gilashin wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, muka kafa a gaba don tare iska da ƙwari, muka ɗaura bido na isansi, wato jarkar fetur, a gefe, muka yi wa salkar ruwa maratayi. Babban abin kuwa shi ne majingina, ta itace da fata, irin ta bayan sirdin raƙumi, wadda ya kafa mini daidai inda ƙuguna yake. Matarsa, badukuwa ce ta gaske, ta ɗinka mini manyan jakunkuna biyu na fata masu tuntaye ja da kore, aka rataya ɗaya dama ɗaya hagu. Ba zan yi muku ƙarya ba, sun yi kyau, in na ratsa gari har leƙowa ake yi, kuma na ji daɗin leƙen. Amma ba don shi na yi ba. Ranar da na fara zuwa Kalfu da sabon shirin na sauka da ƙafafuna, ban nemi a kama ni ba, wallahi sai da na ji hawaye.

Yanzu ga inda abin ya shigo. Maganin allurar gari ne a cikin ƙananan kwalabe, sai ka isa wurin shanu ka dama da ruwa, kuma ba ya son zafi ko kaɗan. Daga firjin kananzir na biro ake fito da shi, a sa a ƙaramin akwatin katako da ƙanƙara da dusar katako, a naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, a ɗaure a bayan sirdi inda iska ke dukansa. Ƙanƙarar tana narkewa a hanya, amma muddin kana yayyafa wa buhun ruwa iska tana bugawa, sanyin na nan, kamar yadda ruwan salka ke sanyi. To majinginata ta cinye wurin akwatin. Na juya shi nan, na juya shi can, bai zauna ba, sai na ga ya shige jakar dama daidai wa daida kamar don shi aka ɗinka ta. Na ce madalla, ga inuwa, ga ba ƙura. Ban tsaya na duba abin da ke ƙarƙashin jakar ba, alhali bututun hayaƙi ne ya bi ta nan.

A shekarar ana ta maganar bushiya, ciwon nan da ke sa saniya hawaye da dalala da zawo har ta faɗi, an ce ta ɓullo daga gabas. Duk da haka makiyaya gudun mu suke yi, domin duk saniyar da aka yi wa allura sai mun huda mata kunne da wani ƙarfe mai kama da awartaki, shaidar an gama da ita, su kuwa suna ganin dabara ce ta ƙidaya don jangali. A arewa da Affala akwai wani dattijo, aminin mahaifina ne tun suna samari, Baba nake ce masa. Yana da jajayen shanu irin na Azawak, waɗanda ya gada ya kuma ƙara, kuma in ya yi magana a bakin rijiya ana ji. Na san in ya yarda kowa zai yarda. Na yi ta sintiri wurinsa har ya gaji da ni, ranar nan ya ce in zo da allurata. Ya ce amma in sani, shi ba gwamnati ya miƙa wa shanunsa ba, ɗan amininsa ya miƙa wa.

Na tashi da sassafe, na isa rana ta take. Kun san al'ada, ba ka sauka ka hau aiki. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, muka gaisa har kan tsohuwata da ciwon ƙafarta, babur yana jingine a inuwar aduwa, ana can ana tattaro shanu. Kafin in buɗe jakar rana ta yi sanyi, jakar ma ta huce. Na ga buhun ya bushe ƙamas, na ce a raina zafin bazara ne. Kwalaben kuwa ba su canza ba, garin nan fari yadda yake. Na dama, na fara aiki. Baba da kansa yake riƙe kan kowace saniya, yana kiran ta da sunanta, yana shafa mata wuya in na huda kunnen. Maƙwabtansa suna tsaye nesa suna kallo, ya ɗaga murya ya ce musu su dai tsaya nan, za su zo suna roƙo. Da zan tafi washegari ya ba ni ɗan ƙoƙon man shanu daskararre in kai wa tsohuwata. Akwatin na mayar da shi jakar hagu tunda ba komai a ciki, ƙoƙon na sa a ta dama.

Da na iso Tawa na zura hannu in ɗauko ƙoƙon, sai na fizge hannuna. Man ya narke ya zama ruwa tsululu, ya malale cikin jakar, ƙoƙon kansa ba ya taɓuwa don zafi. Na tsaya ina kallon jakar, ina kallon bututun da ke ƙarƙashinta. Abin da ya dafa man nan shi ya dafa maganin jiya. Ruwan banza na tsira wa shanun Baba, na kuma huda musu kunne na ce an gama.

Masu ba da labarina a nan suke tsallakewa, don haka a nan zan tsaya. Ban ɓoye ba. Ko gida ban shiga ba, da man a hannun rigata na wuce biro na faɗa wa shugabana komai, na ce a ba ni wani maganin in juya yanzu. Me ya yi? Ya fito waje ya zagaya babur ɗin, ya kira sauran ma'aikata su zo su ga raƙumin amarya, suna ja wa jakunkuna tuntaye suna dariya. Da ya gama ya ce rabon wannan yanki ya ƙare, shanun an huda su, sai bayan damina a duba. Na ce bushiya ba ta san bayan damina ba. Ya ce in fara kwance tarkacen nan tukuna. Na ce tarkacen nan su suka sa nake iya tsayawa a gabansa, in yana so ya hau ƙarfen tsirara ya je Affala ya dawo mu gani. Na faɗi wasu maganganun ma da ba za su rubutu ba. Aka dakatar da ni daga aiki, aka hana ni kusantar firjin.

Na ce ko ba magani, aƙalla in je in gaya wa Baba kada ya dogara da hudar nan. Amma ruwa ya riga ya sauka, na isa na tarar da kufai, sun ɗaga arewa bin ciyawa da gishiri kamar yadda suka saba kowace damina. Na bi sawu, koramu sun cika, babur ya yi ta kafewa a laka ina ciccibar sa, har isansin bido ya ƙare, sai a bayan amalanke na dawo da shi. Daga nan duk ranar kasuwa ina bin masu raƙuma da suka fito arewa ina ba su saƙon baki. Kowa ya ce in sha Allahu. Ban san inda saƙonnin nan suka maƙale ba.

Bayan girbi bushiya ta shiga. Wata ranar kasuwa na hango Baba a gefen masu igiya, ya rame, yana zaune da tarin dabaibayi da igiyoyin maruƙa a gabansa yana sayarwa. Mai shanu ba ya sayar da waɗannan, ban buƙaci tambaya ba. Na durƙusa a gabansa cikin mutane na gaya masa abin da ya faru, daga majingina har ƙoƙon mai, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sa'annan ya ce a can arewa wata babbar mota ta masu allura ta same su a bakin rijiya, da maganinsu mai sanyi, suka yi wa shanun maƙwabtansa, waɗanda suka ƙi ni, kuma nasu suna nan da rai. Ya ce ɗaya daga cikin ma'aikatan har ya nufo garkensa da allura a hannu, shi ya tare shi, ya kamo kunnen babbar saniyarsa ya nuna masa hudar, ya ce su wuce su ba mabuƙata, nasa shanun, ɗansa ya riga ya yi musu, ni ke nan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya ce in gaida tsohuwata. Wallahi da ya tsinka mini mari a tsakiyar kasuwar nan da ya fi mini sauƙi.

An mayar da ni aiki daga baya, don ba su da wani mai juriyar hanyar. Na cire majinginar da hannuna, na mayar da akwatin wurinsa, jakar dama na daina sa mata komai sai ƙarafan gyara. Amma sirdin rimi da fatar rago da gilashi da lanƙwasassun hannuwa ban taɓa su ba, kuma na yi shekaru ina yawo da su a gaban masu dariyar. Ban yi nadamar nema wa jikina sauƙi ba, ba kuma zan yi ba, jiki ba na gwamnati ba ne. Wanda nake jin kunyarsa mutum ɗaya ne, ya kuma rasu, Allah ya jiƙansa. Sauran da ke zaune a inuwa suna cewa gayu, ba su da abin da za su yafe mini, ban kuma roƙe su ba.

Ku samarin yanzu da nake gani kuna ƙara wa baburanku sirdi mai laushi da akwatuna da fitilu, ku ƙara, ba ni zan hana ku ba, na san abin da hanya ke yi wa baya. Abu ɗaya kawai: duk abin da ka ɗora wa babur, wani abu ya matsa ya ba shi wuri, to ka bi wannan abin da ya matsa ka ga inda ya koma, ka sa hannu ka taɓa wurin bayan injin ya yi zafi. Ku kuma da aka ba ku ikon sa wa abin mutane shaidar an gama, ko kunnen saniya ne ko mene ne, ku ji tsoron wannan shaidar fiye da aikin kansa. Da allurar banza kawai na yi wa shanun Baba na tafi, da wani ya zo bayana ya gyara. Hudar da na yi ita ta hana, kuma mutumin da ya fi kowa yarda da ni shi ya tsaya yana nuna ta.