Tabarma a Kan Tokar Rumfata

Na daɗe ina shakkar rubuta wannan, ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba. Jiya warin jiƙaƙƙiyar toka ya tuno mini Baba, dattijon layinmu a kasuwar Ƙanƙara.

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo, kullum kafin magariba yakan bi murhun masu tuya, ya ɗora tafinsa kan toka ya ji ko ta huce. Duk da haka gobara ta cinye rumfata ta kayan koli, na ce na bar kasuwa.

Washegari na tarar Baba ya yayyafa ruwa ya shimfiɗa tabarmarsa a gurbin rumfar, sauran hayaƙi yana lilo kamar a mafarki. 'Yan layi suna ajiye mini gudunmawar kaya a kai: wannan madubi, wancan sabulu, wani allura.

"Baba, wa zai saya a nan?"

"Zauna, sarkin fargaba. Ni zan fara. Nawa allura?"

Na ji ya rasu wajen ɗiyarsa, ko Faskari ko Sabuwa, ban tabbatar ba. Wanda ya san inda aka binne shi, don Allah ya sanar da ni. Allah ya kai haske makwancinsa.